Ba kowane jinin bayan gida ne basir ba



Ɗan uwa, idan ka ga jini a bayan gida, me kake cewa? "Basir ne." Sai a jiƙa saƙe-saƙi a sha, a yi shiru. Sau da yawa basir ɗin ne. Amma wani lokaci kumburin hanji ne da ya daɗe, kuma shi ne maganarmu yau.

Fatar cikin hanji tana sabuntuwa cikin kwana 5 ko kusa da haka. Idan hanji ya shekara da shekaru yana kumburi da gyambo, kullum ana rushewa ana gini, kuma a cikin wannan gaggawa kuskure ke shiga tsarin ƙwayoyin halitta. Shi ya sa mai irin wannan ciwo, bayan shekara 8 zuwa 10, haɗarin kansar babban hanji yake ƙaruwa gare shi.

Abin da ƙwayoyin hanji ke ci ma yana da ruwa a ciki. Masu lafiya suna rayuwa ne da wani sinadari, butiret, wanda ƙananan halittun cikinmu ke yi daga dusar hatsi, wake da ganye, kuma yana kwantar da kumburi. Ƙwayar kansa kuwa takan koma zuƙar sukari babu ƙaƙƙautawa, kamar yadda Bajamushe Otto Warburg ya gano wajen 1924.

Ka ga ashe tuwon gero, wake, zogala da albasarmu ba abin raini ba ne. Kilishinmu na Madawa a ci don marmari, amma kada ya zama na kullum: a 2015 hukumar lafiya ta duniya ta sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke jawo wannan kansa.

To, jini ko majina a bayan gida, zawo ko taurin ciki na makonni, rama ba dalili, yawan kasala: kada kunya ta hana ka zuwa asibiti. Baba ko inna ne suke ɓoyewa? Ka lallashe su, ka raka su. Idan ta kama, za a tura ku Tawa ko Yamai, inda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa ta fara gashin kansa a 2021. Wadda aka gano da wuri, aiki yakan raba mutum da ita.

Jikin nan amana ne. Allah ya ƙara mana lafiya. Wassalamu alaikum.