Ƙofar Karatun Likita: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Ɗaura Kaya

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya gabatar a taron iyaye da aka yi a nan Sabo, Ibadan. Mun kawo shi kamar yadda ya faɗa, sai 'yan gyare-gyare kaɗan.)



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu Allah ya gafarta muku, shugaban taro, iyayenmu mata da ke zaune can baya, 'yan uwana 'yan kasuwa, da ku 'ya'yanmu 'yan makaranta, ina yi muku barka da zuwa.

Jama'a, kun san ni. Ni ba ɗan boko ba ne, iyakar karatuna Islamiyya, sai ɗan abin da kasuwa ta koya mini a shekara 30 da na yi ina sauke albasa. Amma akwai abu guda da kasuwa ta koya mini wanda zai yi mana amfani yau, wato ba a ɗora kaya a mota sai an san nawa ne suka riga ka sauka, kuma nawa ne masu saye. To, maganar karatun likita ma haka take. Kowane ɗayanmu in ka tambaye shi me yake so ɗansa ya zama, sai ya ce likita. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar gurbi nawa ne ake da shi, kuma mutum nawa ne ke nema? Wannan lissafi shi kwamiti ya ɗora mini in kawo muku, na kuwa zauna da yaranmu da ke jami'a muka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Bari in fara da gida. A shekarar 2023, yaran da suka rubuta jarrabawar JAMB suna neman fannin lafiya sun haura 450,000, alhali guraben da ake da su ba su kai 80,000 ba. Wato kusan mutum shida a kan kujera ɗaya. Kuma ku lura, wannan adadi ya haɗa har da aikin jinya da haɗa magunguna da aikin gwaje-gwaje. Shi karatun likita zalla ƙofarsa ta fi haka ƙunci nesa ba kusa ba, domin Hukumar Likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. Duk ƙasar nan guraben sun daɗe a wajen 5,000 a shekara, sai a 2024 gwamnati ta ba da sanarwar an ninka su zuwa wajen 10,000. An ƙara, alhamdu lillahi, amma ku auna 10,000 da waɗancan dubban ɗaruruwa.

Sa'an nan maki. Jarrabawar JAMB a kan 400 ake auna ta. A 2025 yara kusan miliyan 2 suka zauna, da sakamakon farko ya fito sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Shi ya sa in yaronmu ya kawo 200 sai gida ya ɗauki guɗa. To, wallahi 200 ba ta ko ƙwanƙwasa ƙofar likita a manyan jami'o'i. Bayan JAMB kuma akwai tantancewar da ita jami'ar ke yi da kanta, ga kuma kiredit biyar na WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, waɗanda jami'o'i da yawa ba sa karɓa wa mai neman likita sai an same su a zama ɗaya.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu mu mazauna Kurmi, ina roƙon ku buɗe kunne. Jami'o'in gwamnatin tarayya suna raba gurabensu kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, wanda ya fi maki shi ke shiga, ko daga ina yake. Kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, irin su Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kabi da Zamfara. Waɗannan kaso biyu na ƙarshe ba inda aka haife ka ake dubawa ba, ba kuma inda kake biyan haraji ba. Jihar asali ake dubawa, kuma takarda ake nema.

Ni kaina abin ya ci ni, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Babban ɗana, a nan Sabo aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Ranar cike fom ina kasuwa mota ta iso, sai na ba shi kuɗi na ce ya je shagon kwamfuta a cike masa. Mai shago ya tambaye shi, kai ɗan ina ne? Yaro ya ce ɗan nan ne, ai gaskiya ya faɗa. Aka rubuta masa jihar nan. Ya ci maki mai kyau, amma bai kai layin cancanta ba. Da aka zo neman takardar ɗan asali, ta nan ba za ta samu ba tunda kakansa zuwa ya yi, ta gida kuwa ba mu taɓa nema ba, kuma ba ita aka rubuta a fom ba. Kafin mu yi ta kai da kawowa a gyara, an rufe ɗauka. Shekara guda cur ta tafi a kan tambaya ɗaya da ban tsaya na amsa masa ba. Ban ga laifin kowa ba sai nawa. Da shekara ta zagayo bai samu likita ba, haɗa magunguna ya samu, kuma yau da ita yake ci. Amma da ƙanwarsa ta taso, tun tana aji uku na sakandare na hau mota na je garinmu da kaina, na bi ta wajen mai unguwa da dagaci har ƙaramar hukuma na karɓo takardarta. Yanzu haka tana karatun likita a wata jami'a a Arewa. Ba ta fi yayanta ƙwaƙwalwa ba, uban ne ya yi hankali.

Na san abin da waɗansunmu ke faɗa a zuci: in gida ta ƙi, ai sai a fitar da yaro waje. To, bari mu leƙa wajen mu gani, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mu ɗauki Amurka. Can ba a shiga karatun likita daga sakandare, sai ka gama digiri na farko, ka kuma rubuta wata jarrabawa ta musamman. A 2019 mutum 53,371 suka nema, 21,869 suka shiga, wato cikin kowane goma wajen huɗu. Amma baƙi 'yan wata ƙasa da suka nema a wannan shekara 1,890 ne, waɗanda suka shiga aji 272 kacal. Duk duniya fa, ba Nijeriya kaɗai ba! Cikin kowane bakwai ɗaya ke nan. Yawancin makarantunsu ma ba sa karɓar takardar baƙo sam, waɗanda ke karɓa kuma galibi suna son ka yi karatun digirinka a Amurka ko Kanada. Bashin karatu na gwamnatinsu ba a ba baƙo, waɗansu makarantun har sai ka ajiye kuɗin shekarun gaba a banki tukuna su yarda ka zauna.

Ingila kuwa ƙa'ida suka kafa, baƙi ba sa wuce kashi 7.5 cikin 100 na guraben likita. Aji mai mutum 200, kujerar baƙi 15 ce, kuma a kanta ɗan Indiya da ɗan Malesiya da ɗan Saudiyya da naka za su yi kokawa. In an ɗauke ka, kuɗin makaranta a yawancinsu ya haura fam 30,000 a shekara, ban da ci da sha da wurin kwana. Ku 'yan canji da ke nan ku buga mana a naira. Kun ga ashe kowace ƙasa 'ya'yanta take fara cika wa kwano, abin da ya rage shi baƙo ke samu. Mu da muke zaman baƙunci ai bai kamata wannan ya zame mana sabon labari ba.

Saura ƙasashen da ƙofarsu ke buɗe ga mai kuɗi, irin su Sudan da Masar da Yukiren, inda yaranmu da yawa suka tafi, kuma waɗansu sun dawo likitoci na ƙwarai, ba na musun wannan. Amma mu tuna abu uku. Na farko, a Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukiren, a Afrilun 2023 ya ɓarke a Sudan. Mun ga yadda aka kwaso ɗalibai a motoci suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar, waɗansu suna ajin ƙarshe, takardunsu na can a baya. Na biyu, kuɗi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Uban da ya yi lissafin shekara shida da tsohon farashi, kafin yaro ya kai rabi kuɗin ya ninka uku. Na san wanda ya sayar da shagonsa da filinsa a kan haka, kuma yaron bai ƙarasa ba. Na uku, ko yaro ya gama lafiya, ba zai taɓa majinyaci a Nijeriya ba sai ya ci jarrabawar da MDCN ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. A zaman da aka yi a Kano a Nuwamban 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su haye ba. Saboda haka duk dillalin da ya zo maka da takarda mai sheƙi ya ce gurbi na hannunsa, ka tambaye shi: makarantar nan hukumar likitocinmu ta san da ita? Ka kuma nemi wanda ya gama can ya dawo ya ci jarrabawa, ka ji daga bakinsa.

Jama'a, ban kawo waɗannan alƙaluma don in kashe wa kowa gwiwa ba. Na kawo su ne don mu gane cewa ƙofar da ta fi mana kusa da araha ita ce ta gida, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga Jami'ar Ibadan nan tun 1948, ga asibitin koyarwarta an buɗe shi a 1957, daga Sabo ko a ƙafa mutum zai je. Ga Zariya, ga Kano, ga Sakkwato, ga Maiduguri. Kuma buƙata gare mu. Wanenmu bai taɓa raka tsohuwa asibiti ba, tana faɗin ciwonta da Hausa, ana neman mai fassara, abin da take jin nauyin faɗa a gaban ɗanta ta haɗiye shi ta dawo gida da shi? Yaronmu na Sabo da ya tashi da Hausa da Yarabanci da Turanci, in ya zama likita ai ya fi ƙarfin tafinta. 'Ya'yanmu mata kuwa, iyayenmu da ke baya sun fi ni sanin amfaninsu a ɗakin haihuwa.

Don haka kwamiti na kawo shawara biyar, in taro ya amince.

Ta farko, a buɗe littafi a ofishin ƙungiya, a rubuta duk yaron da ke aji uku na sakandare da malamansa suka shaida yana da ƙoƙari a lissafi da kimiyya, mace ko namiji, domin daga nan hanya ke rabuwa.

Ta biyu, kowane uba ya nemo wa 'ya'yansa takardar ɗan asali daga ƙaramar hukumarsa tun yanzu, ta gaskiya, ba ta saye ba. Masu zuwa gida sallah ko fatauci su taimaka wa waɗanda ba su da hali. A kuma duba suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a katin NIN da WAEC da JAMB, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN.

Ta uku, kada yaro ya sake zuwa cike fom shi kaɗai. Ɗalibanmu na jami'a sun yarda za su riƙa raka su.

Ta huɗu, mu ɗauki malaman Fiziks da Kemistiri da Bayoloji su riƙa yi wa yaran darasi Asabar da Lahadi. In kowane shago ya ajiye abin da yake kashewa a katin waya na mako guda, an biya su. Wanda ya samu shiga jami'ar gwamnati kuma, akwai asusun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, babu ruwa a kansa.

Ta biyar, mu iyaye mu rage tilas. Yaron da makinsa bai kai likita ba, kada a sa shi maimaita JAMB shekara huɗu yana zaune a gida. Jinya da ungozoma da haɗa magunguna da gwaje-gwaje duk aikin asibiti ne, duk kuma muna da buƙatarsu.

Ku kuma 'ya'yana, shekara shida ce karatun, ga shekarar sanin makamar aiki a asibiti, ga bautar ƙasa. Wanda ba zai iya ajiye waya ya riƙe littafi ba, ya faɗa wa babansa gaskiya tun kuɗi bai fita ba.

Ranka ya daɗe, iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Littafin rajista yana wajen sakatare a bakin ƙofa, kada kowa ya fita bai rubuta sunan ɗansa ba. Inda na yi kuskure a gafarce ni, ɗan kasuwa ne ya shiga gonar malamai. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.