Aikin Hannu da Kwalliyar Ɗaki: Me Za Mu Jera wa 'Ya'yanmu?

Jawabin da kwamitin mata ya gabatar wajen buɗe baje kolin kayan aikin hannu a Sabon Gari, Kano

 An ba mu ɗan lokaci mu yi magana kafin a buɗe rumfuna. Maganar tamu a kan kayan da kuke gani a jere ce: faifai, tabarmi, ƙore, matasan kai, zannuwan gado da labule. Wani zai ce ai wannan zancen mata ne. To, muna roƙon iyayenmu maza su ba mu kunne, domin su ne ke cin bashi idan auren 'ya ya taso.

Bari mu fara da inda muke zaune. Fagge tun asali zango ne a bayan ganuwa, inda fatake da Buzaye ke sauke raƙuma kafin su shiga birni da kaya. Sabon Gari kuwa an yanka shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi. Yau unguwannin biyu suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, ta Fagge. Abin da ya jawo fatake da jirgin duka, har da kayan da hannun Kanawa ke yi. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Marinar Ƙofar Mata tana ƙirga tarihinta daga 1498. Da Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin da aka saƙa aka rina a nan har Tumbuktu da Tarabulus. Jar fatar akuya da majemanmu suka jeme kuwa, takan ratsa Sahara ta isa Turai, a can a kira ta fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa ta fito. Ke nan muna zaune a garin da ya yi suna da aikin hannu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Yanzu mu shiga ɗakin amarya, domin a can ake gane abin da jama'a ke ɗauka da daraja. Iyayenmu da ke zaune a nan sun san lokacin da jere yake ƙore ne da akusa da faya-fayai. Uwa takan soma tara su tun yarinya tana ƙarama. Ana yi wa ɗaki daɓe da makuba, a shafe bango da farar ƙasa, a shimfiɗa sabuwar tabarma. Daga baya tasoshi suka shigo, sai kwanonin fenti da kwalla, aka riƙa jera su har kusa da rufi. Bayan su sai tangaran da kabad mai gilashi. Yau kuma kujeru ne da kafet da labulen kanti da furannin roba, yawancinsu daga Sin. Ba mu ce canji laifi ba ne. Amma ku lura da abu guda: a jeren farko, kusan kome hannun uwa ne ko na maƙwabciya ya yi shi, kuɗin kuma a unguwa yake zama. A jeren yau, kusan kome da kuɗi ake sayo shi, kuɗin kuma ƙetare yake tafiya.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuma darajar naira ta faɗi har dala ɗaya ta haura naira 1,500 a farkon 2024, duk abin da ake shigo da shi daga waje ya yi tsadar da ba mu saba gani ba. Amma gasar kayan ɗaki ba ta ragu ba. Mun san gidajen da aka jinginar da gona saboda kujeru. Mun san auren da aka ɗaga sau biyu domin gado bai samu ba, saurayi da budurwa suna jira, shaiɗan kuma ba ya barci. Mun san gwaurayen mata da suka ɗauki adashi uku a lokaci guda don kada a yi wa 'yarsu gori a gidan miji. Sa'an nan a kwashi kayan nan a kai su ɗaki ɗaya na haya a Sabon Gari, inda ba wurin aje rabinsu. Dattawa, ku ne ake kawo wa ƙarar bashin nan daga baya, kun fi mu sanin yawansa.

Me ya sa kayan hannu suka ja baya? Dalili na farko farashi ne. Inji yana fitar da tabarmar roba ɗari kafin mace ta gama saƙa ta kaba guda. Masaƙun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa ma, da injinansu, yawancinsu sun rufe, kayan waje suka cika Kantin Kwari, balle mai allura da zare. Dalili na biyu raini ne: mun koya wa 'ya'yanmu cewa ƙwarya kayan ƙauye ce, alhali manyan otal suna rataye ta a bango, baƙi kuma suna biyan kuɗi mai kyau su saye ta a Kurmi. Dalili na uku yana wajen masu sana'ar. Sau da yawa aiki yakan yi kyau a tsakiya, bakinsa kuwa a bar shi yana warwarewa. Rini yakan zuba a wankin farko. A yi alkawarin mako biyu, a kai wata biyu. Mai saye idan ya ƙone sau ɗaya, ba ya dawowa.

To, yaya za a gyara ɗaki da kayan hannu ya yi kyau, ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba? Ga abin da matan da suka daɗe a sana'ar suka koya mana.

A fara da bango. Ɗakin haya yakan yi duhu, tagarsa ɗaya. Farin fenti ko farar ƙasa na ƙara masa haske, sai a zaɓi bango ɗaya kawai a yi masa ado. Faya-fayai biyar ko bakwai, manya da ƙanana, idan aka rataye su kusa da juna, sun isa. A ɗinka ɗan zare a bayan kowane faifai a rataya shi a ƙaramar ƙusa, don kada a ɓata wa mai gida bango. Ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi ita ma haka, amma a tabbata ta bushe sarai, a kuma riƙa sauke ta ana shanyawa da damina saboda fumfuna.

Sai launi. Kada ya wuce biyu ko uku a ɗaki guda. Launukanmu na gargajiya sun san zama da juna: shuɗin baba, jan karan dafi, rawayar gangamau, da farin auduga. Yadi huɗu na farin alawayyo, idan aka ɗaure shi aka kai marina, zai ba da labulen ƙofa da na taga. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi a karon farko, a shanya a inuwa. Luru ko gwado, wanda muke rufa da shi da hunturu, yana yin shimfiɗar kujera mai kyau, ya kuma rufe tsufanta.

Sai wurin zama da ajiya, wanda shi ne babbar matsalar ɗaki ɗaya. Tumtum na fata, irin wanda dukawa ke ɗinkawa, ana sayen sa babu ciko, a cika shi da tsofaffin tufafi, ya zama kujera, ya kuma rage tarkace. Adudu da kwando mai murfi suna shiga ƙarƙashin gado. Tabarmar kaba ta fi kafet sanyi da bazara, ana naɗe ta a share ƙasa, ba ta tara ƙurar hunturu da ke tayar wa yara da tari. Ƙyallayen da teloli ke zubarwa a Fagge da kewayen Kwari, idan aka haɗa su da tsari, suna zama rigar matashi da shimfiɗar tebur da abin taka ƙafa a bakin ƙofa. Mai saƙar kwarashi kuma ba ta bukatar shago, ƙulli biyu na zare da inuwa sun ishe ta. Gargaɗi ɗaya: kaba da labule abincin wuta ne. A nisanta su da kyandir da risho da maganin sauro na kunnawa.

Yanzu maganar baje koli. Kowace shekara ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA tana shirya babban baje koli a filinta na titin Gidan Zoo, kuma duk wanda ya taɓa zagaya shi ya ga cewa mai kaya kaɗan a tsare yakan fi mai tuli ciniki. Namu ƙarami ne, amma ƙa'idar ɗaya ce. Kowane kaya ya zo da 'yar takarda mai ɗauke da farashi da sunan ikilisiyar da ya fito. A ware abin da bai kai ba tun kafin a buɗe ƙofa, ko da na matar shugaba ne. A aje littafi na rubuta masu ba da aiki, da ranar da za a kai musu.

Abin da ya fi ba matanmu wuya shi ne sa farashi. A ce mace ta sayi kaba da rini na naira 1,500, ta yi kwana uku tana saƙa, ta biya kuɗin mota naira 1,000 zuwa Kano. Idan ta sayar a 3,000, murna take yi ta ci ribar 500, ba ta lura cewa kwana ukun nan kyauta ta yi su ba. Dole a lissafa kayan aiki, da kuɗin mota, da ladan kowace rana, kafin a faɗi kuɗi. Mu kuma masu saye, mu ji tsoron Allah. Ba daidai ba ne mu biya abin da aka faɗa a kanti ba musu, mu zo nan mu taya wa gwauruwa rabin kuɗi don muna sujada tare. Kuma a daina ɗaukar kaya da cewa sai ranar Lahadi. Bashin ranar Lahadi ya kashe jarin mata da yawa.

Wanda ke ganin sana'ar hannu ba ta kai mutum ko'ina, ya ciro takardar naira 20 ya duba bayanta. Matar da ke ginin tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali. A ƙauye ta koyi ginin tukwane wurin wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu, ta zama mace ta farko a wurin. An baje tukwanenta a Landan, ta je Amurka ta nuna yadda ake yi, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Ba ta bar zanen garinsu ta kwaikwayi na wasu ba, ingancin aikin ta ƙara.

Muna kuma so mu tuna wa matasa cewa malaman wannan sana'a suna nan kusa, kuma yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi ne: marina a Ƙofar Mata, majema da dukawa a cikin birni, maɗinka a Fagge. Tsufa yana kama da yawa daga cikinsu, karofi da dama sun bushe don babu magada. Ku je da ladabi, ku yi gaisuwa, ku biya kuɗin koyo, ku cika alkawari. Ku kuma leƙa Gidan Makama ku ga aikin mutanen da. Wanda kuka zauna a rumfarsa shekara guda kuna koyon aiki, ya san ku kun san shi, kuma mu da muka ga kwanakin tashin hankali a garin nan mun san amfanin irin wannan sanayya.

A ƙarshe, ga roƙonmu ga majalisar dattawa, abu huɗu. Na ɗaya, a lokacin shawarar kafin aure, a zauna da iyayen ango da na amarya a yi maganar kayan ɗaki a fili, a amince da abin da ɗakin zai ɗauka da abin da aljihu zai iya. Daidai ruwa, daidai tsaki. Na biyu, idan majami'a za ta sayi labule, shimfiɗar tebur, kwandunan baiko ko kyautar baƙi, a fara tambayar matanmu kafin a tafi kasuwa. Na uku, a ba mu ɗaki ɗaya a harabar majami'a, yini ɗaya a mako, inda tsofaffi za su koya wa 'yan mata saƙa da ɗinki. A raba kayan da aka gama gida gida, kada a tara su wuri guda, domin gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya, ta ishe mu darasi. Na huɗu, a tsayar da wannan baje koli kowace shekara bayan kaka, kafin Kirsimati, lokacin da duma ya bushe, manomi yana da ɗan abin hannu, aure kuma yana yawa. Ikilisiyoyin birni su ɗauki kuɗin motar 'yan'uwa na karkara, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyayenmu mata, idan kun tashi yi wa 'ya jere, ku sa mata ko da abu uku da hannunku ko hannun wata 'yar'uwa ya yi, ku jera su a inda baƙo zai fara gani. Idan uwa biyar suka yi haka a shekara guda, ta shida ba za ta ji kunya ba.

 Rumfuna a buɗe suke, ku zaga, ku taɓa, ku tambaya, ku saya. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.