Haɗin Katako da Injin Zarto: Jawabi ga Kafintocin Birnin Kudu da Gwaram

Tun zamanin kakanni akwai masassaƙa a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, amma aikinsu dabam ya ke da na kafinta. Masassaƙi ya kan sami gungume guda na ƙirya ko maɗaci, ya bi shi da gizago har turmi ko akushi ya fito, ba gaɓa ko ɗaya a jikinsa. Kafinta kuwa duk aikinsa haɗi ne. Ƙofa, da benci, da gadon amarya, guntaye ne a ka sada bakinsu, kuma daga wurin haɗin nan su ke fara lalacewa.

Tun da a ka yi Jihar Jigawa a 1991 makarantu da ofisoshi sun ƙaru, aikin katako ya ƙaru tare da su. Amma wanda ya leƙa bayan azuzuwa ya kan tarar da bencuna jibge, katakonsu lafiya lau, ƙafafu ne kaɗai su ka kwance. Dalili kuwa, an datse bakin a karkace, a ka cika shi da ƙusa. Ƙusa ba ta gyara yankan da ya karkace, sai dai ta ɓoye shi har a biya kuɗi.

Injin da a ke magana a kansa faifan zarto ne mai juyawa, a gefensa da tebur mai zamewa bisa dogo. A kan kwantar da katako a kan teburin, a tura tebur da katako gaba ɗaya su wuce faifai, don haka katakon ba ya goce wa hannu. Wani Bajamushe, Wilhelm Altendorf, shi ya ƙago irinsa a 1906. Yana da tsada, ya kuma fi yawa a manyan birane irin su Kano. Amma wanda ke da injin tsaga na tebur kafaffe kada ya ce zancen bai shafe shi ba. Yana iya ƙera faranti na filawud, ya manna masa siririn katako a ƙasa wanda zai riƙa bin kwarin tebur ko gefensa, ya kafa masa shinge miƙaƙƙe. Irin wannan abin taimako shi za a kira jagora a jawabin nan.

To, abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, inji ba ya san daidai. Abin da a ka saita masa shi ya ke maimaitawa, ko kyau ko kuskure. Kafinta mai zarton hannu in ya kuskure, ƙafa ɗaya ya ɓata. Mai inji in shingensa ya kauce, ƙafa arba'in zai ɓata kafin azahar, duka iri ɗaya. Kaucewar digiri ɗaya tak, wadda ido ba ya kamawa, ta kan zama kimanin santimita 1 a allo mai faɗin santimita 60.

Saboda haka kafin a taɓa katakon mai aiki, sai a gwada shingen da ragowar katako. A sami guntu mai miƙaƙƙen gefe, a datse shi biyu, a kifar da ɓari ɗaya, sa'an nan a sada bakunan bisa tebur. In shinge daidai ya ke, za su haɗu ƙam. In ya kauce, sai a ga ƙofa a sama ko a ƙasa, kuma ƙofar nan ninki biyu ce ta kuskuren. A gyara, a sake, har ta rufe. Kada a dogara ga sikwayar kasuwa kawai, gama ita ma ta kan zo a karkace. Ana iya bincika ta da awo: a auna santimita 30 a gefe ɗaya, 40 a ɗaya gefen, tsakanin alamun biyu lalle ya zama 50.

Haɗin da ya fi ƙarfi ga ƙofa da benci shi ne na harshe da rami, watau a fere bakin katako ɗaya ya zama harshe, a huda rami a ɗayan ya shiga. Kaurin harshe ya zama kashi ɗaya cikin uku na kaurin katako. Rami a ke fara hudawa, sa'an nan a yanka harshe gwargwadonsa, domin rage harshe ya fi sauƙi bisa gyaran rami. Kafaɗun harshe a kwance a ke yanka su, bayan an ɗaure ɗan guntun katako a jikin shinge ya zama birki. Kowace ƙafa sai a tura ta ta taɓa birki, a yanka, duk su fito tsawo ɗaya ba tare da an sake ɗaukar fensir ba. A riƙa hure dusar katako daga gindin birkin, don ita ma ta kan ci awo.

Gefunan harshe kuwa a tsaye a ke yanka su, kuma nan ne jagora ya zama wajibi: allo mai tsayi wanda a ka kafa a miƙe, a jingina katakon a jikinsa, a matse da ƙarfen matsi. Kada mutum ya yarda ya riƙe katako a tsaye da hannu kawai. Akwai kuma wani wuri da ko gwanaye su kan yi tuntuɓe. Katakon da a ke sarowa daga 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano sunansa ɗaya, amma kaurinsa ba ɗaya ba ne. In an yanka gefe ɗaya a ka juya katako a ka yanka ɗayan, duk bambancin kaurin sai ya tare a harshe, wani ya matse, wani ya yi lako-lako. Maganinsa, a yi wa fuska ɗaya alama, ita kaɗai za ta riƙa jingina ga jagora. Bayan yanka na fari sai a sa ɗan falle tsakanin katako da jagora, mai kaurin harshe haɗe da abin da haƙoran zarto ke ci, kimanin milimita 3, a yi yanka na biyu. Harshen kirki da tafin hannu ya ke shiga. Wanda sai da guduma, zai tsaga ramin.

Faifai mai faɗin santimita 30, in yana juyi 4,000 a minti, haƙoransa na gudun fiye da kilomita 200 a awa. Guntun da ya maƙale tsakanin faifai da shinge ya kan dawo wa mutum kamar harbi, don haka kada a tsaya saitin faifai, kada kuma a cire ƙarfen da ke bayansa. A naɗe hannun riga, a tura ƙaramin katako da sanda. Yaran shago su ne su ka fi kai hannu don share dusa faifai bai tsaya ba, kuma alhakin hana su yana wuyan maigida.

Saura zancen hunturu. Yawancin katakon nan daga kudu ya ke zuwa da ɗanyensa. In a ka haɗa shi da damina, iskar Disamba na busowa sai ya tsuke a faɗi, tsawonsa kuwa kusan bai canza ba, gaɓar da ta yi ƙam a watan Agusta ta fara motsi. Sai a jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, a bar shi makonni ya sha iska kafin a kai shi bakin zarto.