Sabar Ɗaya, Layi Biyu: Killace Bayanan Asibitocinmu

Iyayenmu sarakuna, malamaina, ma'aikatan lafiya da masu kula da kwamfuta da kuka taso daga Anka da Gummi da Bukkuyum, barkanku da zuwa.

Babu wanda zan tuna wa abin da ya same mu a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana, shekaru aka yi ana auna jininsu, ana ba su magani gwargwadon abin da aka rubuta. Irin wannan rubutu amana ne. In ya ɓace an cuci yaro, in ya fita waje an tona asirin gida.

Sai kuma Satumbar 2021, da hukumar sadarwa ta NCC ta sa aka katse layukan waya a faɗin Zamfara. Duk wanda aikinsa ya rataya ga intanet, hannu ya naɗe na tsawon makonni. Shi ya sa nake cewa rajistar marasa lafiya da sakamakon gwaji su zauna a kan wayar cikin gida, wadda ba ta jiran sabis. Amma dole a aika rahoton wata-wata ta manhajar DHIS2, a kuma sabunta manhaja. To, yaya za a yi?

A sa wa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, katin sadarwa biyu. Ɗaya ya kalli cikin gida, ɗaya ya kalli intanet. Sabar ta zama zaure: baƙo ya tsaya nan ya ba da saƙo, ba ya kutsa kai cikin gida.

A nan nake roƙon 'yan'uwana masu haɗa na'ura su ba ni kunnensu, domin kati biyu kawai ba tsaro ba ne. Kowane layi a ba shi jerin adireshinsa, misali 192.168.10.0 a ciki, wani dabam a waje, kuma kowanne da akwatin rarraba layinsa. Mafita zuwa intanet ɗaya tak za a saita, a kan katin waje. A katin ciki, a bar gurbin mafitar babu komai. A Linux a tabbatar net.ipv4.ip_forward yana kan 0, a duba na IPv6 shi ma, don kada sabar ta riƙa miƙa saƙo daga wannan kati zuwa wancan. A Windows kada a haɗe katunan, kada a kunna raba intanet. Katangar tsaro ta fara da hana komai, sannan a buɗe abin da ake bukata ɗaya bayan ɗaya. Wurin da aka fi yin sakaci shi ne manhajar rajista: in aka bar ta a kan 0.0.0.0, tana amsa kira daga kowane kati. A ɗaure ta ga adireshin ciki kaɗai.

Kada a ce wa zai kula da ƙaramin asibiti. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta shiga asibitocin Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000. Ba zaɓe take yi ba, duk kwamfutar da ta samu a buɗe ita take kamawa.

Abin da ya fi damuna ma ba sabar ba ce. Ma'aikaci ne da zai jona wayarsa a kwamfutar ɗakin kati don ya duba WhatsApp, ko ya soka filashin da ya zagaya shagunan tura waƙoƙi. Nan take ya buɗe hanya ta uku. A toshe ramukan USB, a sa wayar ciki shuɗiya, ta waje ja.

Shugabannin asibiti, ranku ya daɗe, kafin ku biya mai haɗawa ku zauna gaban kwamfutar ciki ku nemi Google. In ya buɗe, aiki bai yi ba. Sannan a zare wayar waje, ku ga ko rajista tana ci gaba da aiki. A maimaita wannan gwaji duk lokacin da wani ya taɓa sabar.