Yadda Addinin Buda Ya Bi Sawun Fatake Ya Tsallake Duwatsun Asiya



Abin da zan ɗan yi magana a kai yau shi ne wata tambaya ta tarihi. Addinin Buda ya taso ne a arewacin Indiya, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wanda ya kafa shi, Sidarta Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau. A yanzu kuwa mabiyansa sun fi yawa a ƙasashen gabashin Asiya, nesa da mahaifarsa. Duk wanda bai manta taswirar da aka rataya mana a aji ba ya san abin da ke tsakanin Indiya da Sin: duwatsun Himalaya, da Karakoram, da Hindu Kush, da Famir, bayansu kuma hamadar Taklamakan. To, yaya aka yi addinin da manyansa masu zuhudu ne, waɗanda dukiyarsu ba ta wuce riga da ƙwaryar bara ba, ya tsallake wannan shinge?

Amsar a taƙaice ita ce fatake. Littattafan mabiyan da kansu sun ce mutum biyu na farko da suka yi wa Buda mubaya'a 'yan kasuwa ne, Tafusa da Balika, waɗanda suka same shi a gindin bishiya suka ba shi abinci. Tun daga nan mai zuhudu da falke suke buƙatar juna. Mai zuhudu ba ya noma, ba ya ciniki, sai abin da aka zuba masa a ƙwarya, don haka dole ya zauna kusa da masu abin hannu. In kuma zai yi tafiya mai nisa, babu hanya sai ya shiga ayari. Shi kuwa falke yana neman zango mai aminci, da mai yi masa addu'ar sauka lafiya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tun da malamanmu na tarihi sun karanta mana yadda Wangarawa suka iso Kano da Musulunci a zamanin Sarki Yaji.

Sarakuna ma sun taka rawa. Sarki Asoka, wanda ya hau mulki wajen shekara ta 268 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa an sassaƙa umarninsa a jikin duwatsu har a Shabazgari da Mansera, cikin Pakistan ta yau, duka a bakin hanyoyin fatauci. Na Kandahar, wanda aka gano a 1958, da Girkanci da Aramiyanci aka rubuta shi. Amma ƙofar ta buɗe sosai ne a zamanin daular Kushan, wadda ta haɗa arewacin Indiya da Afganistan a ƙarƙashin sarauta guda. Sarkinsu Kanishka, wanda ya hau gado wajen shekara ta 127 Miladiyya, har kuɗin zinariya ya buga da surar Buda a jiki, aka rubuta sunansa da baƙaƙen Girka.

Bari in ɗan tsaya a kan hanyar ita kanta, domin a nan ne abin mamaki yake. A shekara ta 399 wani tsoho ɗan ƙasar Sin mai suna Fahiyan, wanda ya haura shekara sittin, ya bar birnin Cang'an ya nufi Indiya don neman cikakken littafin dokokin masu zuhudu. Ya ce a cikin hamada babu alamar hanya sai ƙasusuwan waɗanda suka riga su. Da ya kai kwazazzabon kogin Indus, ya tarar mutanen da sun fafe jikin dutse sun yi matakai har 700, kogi na ruri a can ƙasa, sannan a tsallaka a kan gadar igiya. Can gaba, a wani dutse mai dusar ƙanƙara, sanyi ya kama abokin tafiyarsa, kumfa na fita daga bakinsa, ya roƙe su da su wuce su bar shi kada su mutu tare. Nan ya cika. Fahiyan bai koma gida ba sai a 412, kuma ta teku ya koma, cikin jirgin 'yan kasuwa.

Bayan shekara fiye da ɗari biyu, Shuwanzang ya saci jiki ya fita ba da iznin sarkin Sin ba. Shi ya yi dace, domin sarkin Turfan ya ba shi dawaki 30, da barori, da siliki, da wasiƙu 24 zuwa ga sarakunan da ke kan hanya. Duk da wannan gata, a kwana bakwai da suka yi suna tsallake duwatsun Tiyan Shan, wajen kashi ɗaya cikin uku na ayarin ya halaka. Ya dawo a 645 da littattafai 657. A kan hanyarsa ya ga manyan gumakan Bamiyan guda biyu, ɗaya mita 55, ɗaya mita 38, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse a wani kwari na Hindu Kush inda ayari ke yada zango. Su ne 'yan Taliban suka fasa a watan Maris na 2001.

Wani zai ce, ina masu bara suka sami kuɗin irin wannan aiki? Daga sadakar sarakuna da attajirai. Koyarwar addinin ta ce akwai lada ga wanda ya ƙawata wurin ibada da zinariya, da azurfa, da lu'ulu'u, da murjani, da shuɗin dutsen nan da ake haƙowa a Badakshan. Ga tutocin siliki, ga turare. Ku duba da kyau, waɗannan su ne ainihin kayan da fatake ke ɗauka, marasa nauyi masu tsada. Wato gidan ibada ya zama babban mai sayen hajar falke. Har ma wasu dokokinsu sun yarda a karɓi waƙafi a ba da shi rance da kuɗin ruwa, a riƙa gyaran gini da ribar. Shi mai zuhudu bai mallaki ko anini ba, amma gidan da yake zaune a ciki yana da rumbu da littafin bashi.

Sai dai kada mu ɗauka cewa duk inda ayari ya ratsa addinin ya zauna. Mutanen Sogdiya, wato na Samarkand da Bukhara, su ne manyan madugan wannan hanya, amma a gida yawancinsu addinin Majusawa suke bi. Da Shuwanzang ya sauka Samarkand, gidajen ibada biyu ya tarar, babu mai zama a cikinsu. Haka kuma masana sun lura cewa addinin ya bayyana a manyan biranen Sin tun ƙarni na 1 da na 2, kafin a ga tabbatacciyar shaidar gidajen zuhudu a garuruwan hamada da ke tsakani. Dalili a fili yake: ciyar da ɗaruruwan mutane da ba sa noma sai gari mai rarar abinci. A ganina wannan shi ne abin da aka fi mantawa in ana ba da labarin Hanyar Siliki.

Abu na biyu da ya sa ya kafu shi ne fassara. An Shigawo, mutumin ƙasar Farisa, ya isa Luwoyang a 148 ya fara juya littattafai zuwa harshen Sin. Kumarajiba, ɗan garin Kuca, uba Ba'indiye, uwa 'yar sarauta, an kai shi Cang'an a 401, kuma har yau fassararsa ake karantawa a Sin da Koriya da Japan. A kogunan dutse na Dunhuwang, inda aka fara haƙa a 366, an gano wani ɗaki a rufe a 1900 cike da takardu. A ciki aka sami wani littafi da aka buga a 868, wanda shi ne mafi tsufan littafin ɗab'i mai kwanan wata da ya rage a duniya. Yana Landan yanzu. Yadda ya je can kuwa, wannan wata magana ce.

Shaidar da ta fi burge ni ita ce wadda matafiyan suka bari da hannunsu. Bayan an kammala titin Karakoram a 1979, wanda ya tsallaka zuwa Sin a tsayin mita 4,693, masana irin su Karl Jettmar na Jamus da Ahmad Hasan Dani na Pakistan suka bi gaɓar Indus suna duba duwatsu. An ƙirga zane fiye da 30,000 da rubutu wajen 5,000, da baƙaƙen Indiya, da na Sin, da na Tibet, har da na Yahudanci. A wata mashaya mai suna Shatiyal akwai zanen hasumiyar ibadar Buda, kewaye da ita sunayen ɗaruruwan fataken Sogdiya. Ɗaya daga cikinsu, Nanai-bandak, ya rubuta roƙonsa cewa ya isa Tashkurgan da wuri ya ga ɗan uwansa cikin ƙoshin lafiya. Ba Buda ya roƙa ba, iskar wurin ya roƙa, amma a kan dutse guda suka haɗu.

A shekara ta 2020 Pakistan ta ƙaddamar da ginin madatsar ruwa ta Diyamar-Basha a kan kogin Indus, mai tsayin mita 272, domin wutar lantarki da noman rani, abin da mu ma mun san darajarsa. Ranar da aka cika ta, akasarin zane-zanen da ke kewayen garin Cilas za su koma ƙarƙashin ruwa. Masana sun ɗauki hotunan da yawa daga cikinsu sun buga a littattafai, amma duwatsun sun fi ƙarfin a ɗauke su.