Rubutaccen shirinmu na wannan mako: an yi rikici a gona, an dakatar da kai a ofis



Damina ta sauka, kuma daga Ɗambatta zuwa Bichi kun san yadda gonaki suke manne da juna. Kunya ɗaya tak aka ci, sai rigima. To, a ce malamin firamare ne ya daki maƙwabcinsa kan iyakar gona, ya kwana a caji ofis, Litinin sai ga takardar dakatarwa. "Ai ba a makaranta na yi ba!" Malam, wannan hujjar ba za ta fisshe ka ba. Ma'aikacin gwamnati ana duba halinsa har a waje.

Karanta takardar da kyau tukuna. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya dakatarwa iri biyu ce: wata ana biyan rabin albashi, in an wanke ka a maido maka da ragowar; wata kuwa ko sisi babu. Tambayi wakilin ƙungiyar malamai ta NUT wacce ce taka a dokar jiha. In an nemi bahasi, amsa a rubuce cikin wa'adi, ka ajiye kwafi.

Ga inda mutanenmu ke faɗawa rami. Dagaci ya sasanta ku, an yi fatiha, an yi musabaha, sai a ɗauka magana ta mutu. Ina! Fayil bai san fatiha ba. Sai an rubuta sulhun, dagaci ya sa hannu, an janye ƙara, ka kai takardun ofis da kanka, a buga maka hatimin karɓa.