Daga gyaɗar Katsina zuwa tashar Baro: ina jiragen ja suka tafi?

Na san wani zai ce, kai da ke zaune a Katsina, ko kogi babu, me ya haɗa ka da jirgin ruwa? To ku ɗan ba ni kunne.

Akwai wani ƙaramin jirgi da ake kira jirgin ja. Ba ya ɗaukar fasinja, aikinsa jan manyan kwale-kwalen kaya ko tura su. A da, a tashoshin duniya da yawa, da katako ake ƙera shi, injinsa na tururi ne. Da ƙarfe da dizal suka zo, aka yi watsi da na katakon, akasari suka ruɓe a bakin ruwa. Amma a Siyatil ta Amurka akwai guda mai suna Arthur Foss, an ƙera shi a 1889, har yau yana kan ruwa, mutane na zuwa kallonsa.

Mu ma muna da namu labarin. A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911. Ƙarafan layin ta ruwa aka hauro da su har Baro. Bayan nan wani kaso na gyaɗa da audugar da kakanninmu suka noma ya riƙa sauka Baro ta jirgin ƙasa, a loda a kwale-kwale, jiragen ja su gangara da shi ta Lokoja har Burutu, daga can sai Turai. Wato gumin manomin Funtua ya hau ruwa, ko da shi bai taɓa ganin kogin ba.

Sai yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirga a kogin. Tireloli suka karɓe kaya, yashi ya cike hanyar ruwa, jiragen suka ɓace. Ni dai na gama jami'a ba tare da wani malami ya taɓa ambata min su ba.

Ga inda abin ya fi ci min rai. A 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro, kilomita 572. A watan Janairun 2019 marigayi Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro. Duka biyun 'yan jiharmu ne. Amma tashar ta shafe shekaru babu lodi babu saukewa, saboda titin da zai kai kaya wurin da tsohon layin dogon ba su gyaru ba.

Kuma wallahi abin ya shafe mu. Jan kaya masu nauyi ta ruwa ya fi tirela sauƙin kuɗi. Duk buhun taki ko siminti da ya taso daga Legas a kan titi, mu ke biyan kuɗin dizal ɗinsa a kasuwa.

Saboda haka matasa, in ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: ina aka kwana kan titin Baro? In kuma kuna da dattijon da ya yi aikin reluwe ko awon gyaɗa, ku zauna da shi, ku naɗi muryarsa a waya tun yana raye.